Motar da Aka Toshe wa Baki

Kai da ka sayi mota jiya, yau har kana cigiyar mai walda, jawo benci ka zauna in ba ka misali. Wani mutum ne ya yi ta lallaɓar yayansa har suka sayar da gonar gadonsu, ya sayo a-kori-kura don jigilar hatsi ranar kasuwa. Yayan bai so ba. Amma ya ce tunda ƙanin ya iya tuƙi, a gwada, gidajensu biyu su ci daga ƙarfe kamar yadda suka ci daga ƙasa. Shi yayan ya koma mai yin lodi, in an tashi ya haye kan buhuna yana riƙe da igiya. To, ita motar tana da wata ɗabi'a da ke ƙona wa ƙanin rai: da kaya sun kai iyakarta sai bayanta ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, 'yan tasha su yi ta yi masa tsiya wai akuya ya sayo. A jikin ƙofarta akwai ɗan ƙarfe da masu ƙira suka buga nauyin da za ta ɗauka da wanda za ta ja, amma gogan naka ya ce ai tsoron Bature ne, su ba su san wahala ba. Ya kai ta wurin mai walda aka ƙara mata sifirin, ƙarafan nan da ke tallafe da bayan mota, aka kuma liƙa mata ƙugiya don ta riƙa jan amalanke. Mai waldan ya faɗa masa cewa ƙugu kawai ya ƙarfafa, birki da taya suna nan yadda aka haife su. Ya ce ya ji, alhali bai ji komai ba. Daga ranar kuwa ko me aka jibga mata tana tsaye ƙyam, shi kuma yana ta hura hanci, a ganinsa ya koya wa ƙarfe hankali. Wallahi abin da ya yi bai wuce toshe bakin mai gaya masa gaskiya ba.

Ranar wata kasuwar kaka, masara ta yi yawa, kowa na roƙon a ɗaukar masa. Aka cika bodi har ya yi tozo, aka cika amalanke aka maƙala a baya. Yayan ya zagaya ya duba, ya ce shi dai bai san mota ba, amma da jaki ne da ya ce a rage. Ƙanin ya nuna masa bayan motar ya ce, “Yaya, ka ga ta durƙusa? In ta gaji ai za ta faɗa.” Yayan ya haye kan buhuna. Suka hau tudu lafiya lau, injin na gurnani, mai tuƙi na murmushi, ya manta cewa abin da mota za ta iya ja daban, abin da za ta iya tsayarwa daban. Da suka kama gangara zuwa gada sai ya ji ana turo shi daga baya, don amalanke ba shi da birkin kansa. Ya taka birki, ƙauri ya tashi. Ya sake takawa, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka kunu. A kwanar gada amalanken ya murɗo gindin motar, suka kifa cikin rafi. Shi ya fito ta taga da ɗan ƙwarzane a goshi, yayansa kuwa sai da mutanen ƙauye suka ɗage masa buhuna daga kan ƙugu, kuma bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

Motar dai, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ne suka yanka ta. Gona kuwa tana hannun wanda ya saya, duk damina tana yin kore a kan hanyar da ƙanin yake bi. Yanzu dako yake yi a kasuwar nan, shi ke ciyar da gida biyu da wuyansa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne yayan bai taɓa zaginsa ba. Da zagin ya yi da ya fi sauƙi. In aka ɗora masa buhu gwiwarsa ta lanƙwashe, da bakinsa yake cewa a rage. Wata rana ya dawo yana dafe da ƙugu, yayan na kwance a tabarmar zaure ya dube shi ya ce, “Kai ka yi sa'a, da ka durƙusa ana sauke maka.” Bai iya cin tuwo ba ran nan. Don haka in taka ta durƙusa, sauke buhu, ka bar mai walda ya huta. Hausawa sun riga sun gama magana: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.