Rigar Baba da ba a wanke ba

Shekarar da Nasara suka kwashi maza ɗaukar kaya zuwa Damagaram, har da Baba majemi, barci ya ƙaurace mini. Na sha rubutun Malam har na gaji.

Wata rana bayan azahar, Kaka ta tarar Inna za ta wanke tsohuwar rigar Baba. Ta fizge.

"Ke, kar ki sa mata ruwa! Yaron nan ba iska ke damunsa ba, ubansa yake nema."

Ta shimfiɗa mini ita a inuwar rumbu. Warin jima da zufarsa suka cika mini hanci. Sai la'asar sakaliya na farka.

Har yau in na wuce majema, mutane na toshe hanci, ni kuwa hamma nake yi.