Ɗakin da Baban Maraya Ya Mutu

Motar 'yan yawon buɗe ido ta cika, direba na shirin rufe ƙofa, sai wani tsoho ya hau sanye da wata kwat da rana ta gama cinye launinta. Ya miƙa tikitinsa, ya wuce kujerar baya ya zauna. Jagoran tafiyar, wanda kowa ke kira Maraya, ya kalle shi sau ɗaya, ya ja tsaki, ya kau da kai.

Yau ba ranar wasa ba ce. A kujerar gaba manajar kamfani ce zaune da tabarau da mafici, ta zo ta ji bakinsa da kunnenta. Cikin jagororin kamfanin mutum ɗaya za ta zaɓa ya riƙa zagayawa da manyan baƙi, sauran kuwa kowa ya nemi wata sana'ar. Maraya ya sha guga, ya sha turare, har da sabon takalmi mai cizo.

Kada a ɗauka ya san tarihi. Tarihin me? A gindin ruwan da ke zubowa daga kan dutse ya ce musu ruwan yana maganin ciwon baya, suka yi ta cika gora. A dajin birai ya nuna wani biri mai ƙazzuwa ya ce shi ne sarkinsu, suka tafa. Su ma baƙin ba don su san wani abu suka zo ba. Kowa ya juya wa abin da ya zo gani baya, ya ɗaga waya, ya wage haƙora.

Tsohon bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. A bayan ayari yake tafiya, hannuwa a goye. Duk sanda za a koma mota sai ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa na bin kawunan mutane, leɓensa na motsi.

Direba ya ce, "Baba, kai ma buɗe idon ka fito?"

"An ce min yaron nan ya iya magana. Na zo in ji."

A kasuwar masu sassaƙa Maraya ya matso kusa da shi, bai ko dube shi ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Inda za mu akwai matakala da yawa. Ka zauna a mota." Tsohon ya ce ƙafarsa lafiya lau.

Da la'asar suka isa tsohon kurkukun bakin teku, wanda aka mayar gidan tarihi. Nan ce gonar Maraya. Nan yake ba da labarin da ya ba shi suna: ubansa malamin makaranta ne da ya ƙi rusuna wa azzaluman wancan zamani, aka kawo shi nan, karnukan nan, gandirobobi, suka jefa shi ɗakin duhu har ya cika, shi kuwa Maraya yana rarrafe. Ya faɗe shi har ya haddace inda zai haɗiye yawu da inda murya za ta karye. Hawayen ma sun san lokacinsu, ba sa latti. Abin ƙyama ne, amma yana ci.

Suka sauka ta wata matakala mai santsi, zafi da warin gishiri suka tare su. Wani dogo ya buga goshi a saman ƙofa. Tsohon, da ya fi shi tsawo, ya wuce lafiya.

Al'adar aikin Maraya ita ce ya shigar da kowa ɗakin duhun, ya jawo ƙofa, su ɗanɗana. Manaja ta shiga, baƙi suka bi ta. Tsohon ya ɗaga ƙafa, Maraya ya tare shi da hannu.

"An cika. Jira a waje."

Ya jawo ƙofar ƙarfen daga ciki. Duhu ya rufe su ruf. Ya bari aka yi tsit, sannan ya fara da murya mai rawa: "A nan, inda kuke tsaye, mahaifina ya kira sunana a karo na ƙarshe." Wata mata ta fara shessheƙa. Manaja ta daina fifita. Maraya ya ji a jikinsa aikin ya zama nasa.

Sai aka ji ƙarar sakata daga waje.

Baƙi suka ɗauka cikin wasan ne, har wani ya yi dariya. Maraya ya gama kukansa, ya tura ƙofa, ta ƙi. Ya sa kafaɗa, ko gezau. Iska ta fara ƙaranci, turarensa ya haɗu da gumin mutane ya zama wani abu daban. Manaja ta ce numfashinta na sarƙewa. Mai shessheƙar ta koma ihu na gaske. Maraya ya yi ta dukan ƙarfe da tafin hannu, muryar nan mai daɗi ta koma ta akuyar da aka ɗaure.

Can sai 'yar tagar jikin ƙofar ta buɗe. Ido ɗaya ya leƙo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Da ya tabbata sun cika, aka zare sakata.

Manaja ta fito ɗankwali a karkace, tabarau a hannu, tana haki. Ta yi kan tsohon.

"Wa ya ba ka izinin kulle mu?"

"Ki yi haƙuri, 'yata. Hannu ne ya saba. Ban taɓa ganin ƙofar nan a rufe na bar ta ba sakata ba. Aikina ke nan har na yi ritaya."

Ta juya wajen Maraya, wanda ke maƙale da bango. "Ka san mutumin nan?"

Tsohon ya kaɗe tsatsar da ke tafinsa, ya gyara kwat ɗinsa.

"Ya san ni mana," in ji shi. "Ni ne marigayin."