Durƙuso na Biyu

Gil-ja ta ajiye ƙunshin shinkafa da kabeji a gaban gandiroba, ya caccaka shi da tsinke, ya bar ta ta wuce. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan zirga-zirga.

Mijinta, Pyo Man-sik, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Mokpo. Ranar da gwamnan soja ya zo, an jera 'yan dako da matansu su kai gaisuwa. A al'adarsu, mai rai durƙuso ɗaya ake yi masa, biyu na gawa ne. Man-sik ya durƙusa, ya miƙe, ya sake durƙusawa. Wani ɗan jarida ya ɗauki hoto.

Hoton ya zaga duniya. Ɗalibai a ƙasashen da Man-sik bai taɓa jin sunansu ba suka shiga durƙusa wa 'yan sanda sau biyu. Fuskarsa tana jikin riguna, shi yana kurkuku yana tofar da jini.

Likita ya ce ba zai ga bazara ba. Hukuma ta kawo takarda: ya sa hannu cewa durƙuson ba ra'ayinsa ba ne, ya faɗi wanda ya sa shi, a sake shi ya mutu a ɗakinsa. 'Yan ƙungiyar da ke yawo da hotonsa suka zo gida suka roƙi Gil-ja ta hana shi, wai yanzu ba nata ba ne ita kaɗai. Ta zuba musu shayin sha'ir, ta koma gefe. Dama ba mai magana ba ce. A Osaka ta tashi, can wata ƙasa daban, aure ya kawo ta, har yau maƙwabta suna kwaikwayon harshenta.

Yau da ta shiga kurkukun, ta tarar da Man-sik ya zama ƙashi da fata.

"Maigida, ka sa hannu. Ka faɗa musu."

"Tsohuwa, gishirin kabejin nan ya yi yawa," in ji shi. "Su ma masu yawo da hotona a duniya ai sai su riƙa aiko miya."

Ta ce ita za ta je ta faɗa da bakinta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce babu mai yarda, kuma ya fi son haka. Gandiroba ya buga ƙarfe, lokacin ziyara ya ƙare.

A motar komawa ta sake jin muryar nan, tata ce tana amarya wata huɗu da zuwa ƙasar, ba ta san al'adar ba, tsaye a bayan mijinta, tsoro ya cika ta, tana raɗa masa: "Ƙara ɗaya, gwamna bai gani ba."