Turaku Biyu a Bakin Hanya

Tayoyin bayan kekensa suka maƙale tsakanin turakun ƙarfe biyu na bakin hanyar tsaunin. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Tun faɗuwar da ta kashe masa ƙafafu, sai yau ya dawo, a keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu.

Sabuwar shugabar ƙungiyar masu hawan keke a tsaunin, mai tare mahaya tana tambayar gyaran da za a fara yi wa hanyar bana, ta rugo ta kama ja.

"Wasu wurin tsalle suke so, wasu gada," in ji ta tana haki. "Kai fa, Baba?"

"A fitar da ni tukuna!"

Ta sake ja. Ƙarfe ya yi ƙara, keken ko gezau.

"Wai don hana 'yan babur shiga! Wane mara tunani ne ya matse wurin nan haka?"

Shi kuwa gindin turken yake kallo, inda siminti ya bushe da sawun takalminsa. Ranar da ya kafa su, da ƙafa ya danna, yana dariya, yana cewa duk abin da ya fi keke faɗi ya koma gida.