Wasali Ɗaya Tak

Baba ya sake danna rikodar da hannun hagu. Kaset ɗin ya yi 'yar ƙara, sannan muryar ta fito tas, babu gargada.

"Masu sauraro, kalmomi biyu ne. Live, gajere, kamar fito na fitowa daga ɗaki, ma'anarsa zauna. Leave, dogo, kamar fito da ake yi da baki, ma'anarsa tafi. Ku maimaita."

Baba ya maimaita. Dogon ne ya fito. Ya haɗiye yawu, ya matse leɓe, ya sake. Dogon ne dai. Ta jikin bango yana jin ana jan zif ɗin akwati.

Matar ɗansa ce ke haɗa kaya. Tun da aka binne mijinta take zaune a gidan ita da 'yarta, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa, sai Turanci. Yarinyar ita kaɗai ce jikar Baba. Yana kiranta amarya, ita kuma ta ja masa gemu ta gudu. Dariyarta sak ta ubanta.

Makon jiya ne Baba ya yi ta maza. Ya tarar da surukar a falo tana ninke rigunan mamacin, ya nuna ƙasa da yatsa, ya ce mata da Turanci ta zauna nan tare da su. Abin da ya yi niyya ke nan. Abin da ta ji shi ne ta bar nan. Ta miƙe a hankali, ta rusuna, ta shige ɗaki. Washegari ta sayi tikitin jirgi.

Auta, 'yarsa, ta yi bayani har muryarta ta dashe. Surukar ta ce ta gode, amma mutum irin Baba ba ya kuskuren kalma.

Auta ta shigo, ta goge masa gefen baki da hankici. "Baba, mai mota ya iso. Don Allah ka bari in faɗa mata gaskiya."

"A'a." Maganarsa a hankali take fita, kalma bayan kalma. "Ni na ɓata. Ni zan gyara."

Ya mayar da kaset baya. Muryar ta sake zubo kalmomin cikin sauƙi, har da 'yar dariya a ƙarshe. Baba ya ji kamar ya buga rikodar da ƙasa. Mai wannan murya bai san wahala ba. Yana cewa ku maimaita kamar harshe bawan mai shi ne. A kan kanta littattafai sun yi layi, ƙura ta rufe su, babu wanda zai iya taimakonsa.

Ya gwada da raɗa. Ya gwada da ƙarfi. Sau ɗaya gajeren ya fito, ya ɗago da murna, amma da ya nemi maimaitawa ya ɓace. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Ƙafafun akwati suka gurza simintin tsakar gida.

Ya rataya rikodar a wuya, ya ɗauki sanda. Kafin ya kai bakin ƙofa mai mota ya rufe but ɗin motar. Jikar tana kujerar baya, ta manna hanci a gilashi. Surukar ta juyo, ta sunkuyar da kai, tana jiran sallama.

Baba ya buɗe baki. Ya ji wasalin yana miƙewa tun daga maƙogwaro, ya san idan ya sake shi ya kore ta karo na biyu. Ya datse haƙora. Hawaye na bin gemunsa. Mai mota ya duba agogo.

Sai ya jingina sanda da bango, ya danna rikodar.

"Ga misali, masu sauraro. Live with us. Ki zauna tare da mu. Ku maimaita."

Jakar hannun surukar ta faɗi. Ta dubi rikodar, ta dubi bakinsa da ya ɗan karkace, ta dubi hannun damansa da ke reto ba motsi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta durƙusa a gabansa, ta kama hannun nan da hannu biyu, tana kuka mara sauti. Auta ta buɗe mota ta sauko da yarinyar, ta ce wa mai mota ya fito da akwatunan.

Ba a nemi tafinta ba. Surukar ta san muryar, domin mijinta ya sha kunna mata ita yana taƙama. An dai ce mata ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya kama Baba ya taɓa hannu da ƙafa. Ba wanda ya ce mata ciwon ya dawo wa Baba da Hausarsa amma ya riƙe Turancin, harshen da ya yi shekara da shekaru yana koyar da dubban mutane a rediyo, da wannan muryar da ke cikin kaset.