Mu Ta Ruwa Muka Bi

A ƙauyenmu akwai tsohuwar gadar azara mai rufin ciyawa, a inuwarta dattawa ke yini. Wata la'asar, ina yaro, ina biye da Baba, mahauci ne, ɗanyar fata a kafaɗarsa. Mai unguwa ya toshe hanci ya ce, "Tanko, gada ba ta masu ƙarni ba ce. Ku bi ta ruwa."

Baba ya durƙusa. "Ranka ya daɗe." Ya kama hannuna muka shiga rafi, ruwa iya wuyana.

Jiya a shagon naman da nake aiki a unguwar Longsight, nan ƙasar Turawa, jikan mai unguwar, wai likita, ya nuna mini hoton gadar a waya. "Kawu, ka tuna gadar kakanninmu?"

Na ce, "Kakanninka dai. Cinya kake so ko haƙarƙari?"