Zanen da Yaya Ya Aiko daga Italiya

Ranar Laraba, ana yayyafi a unguwarmu Gyadi-Gyadi, Yaya Habibullah ya kira ni daga Italiya.

"Ɗanladi, ɗauko min hoton zanen da na aiko wa Inna. Kar ka taɓa fentin."

Mutumin da sana'arsa zana fuskoki, me ya kai shi zana kukoki a daji? Me yake ɓoyewa? Na jiƙa tsumma da fetur, na goga a zanen, yana rataye a ɗakin Inna.

Sai ga fuskar marigayi Baba.

Ashe don Inna ba ta rataye hoton mutum ne Yaya ya lulluɓe shi da bishiyoyi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sauke shi, sarkin karambani. A nan nake salla."

Mun rasa kukoki biyu, da idon Baba guda, da gurbinsa a bangon Inna.